Darasi na 14: Taron Ma'abota Ƙagaggun Labaran Kimiyya

A shekarar 1939 abubuwa biyu sun faru a wurare biyu masu nisa da juna. A watan Janairu aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta. A watan Yuli kuma, wasu mutane kimanin 200, yawancinsu samari, suka taru a wani zaure a birnin Niyok na Amurka. Kwana uku suka yi suna hira a kan labaran tafiya duniyar wata da na injinan da ba a riga an ƙera ba. Wannan zama shi ne mafarin babban taron da ake kira Worldcon, wato taron duniya na ma'abota ƙagaggun labaran kimiyya. Mutanen Zariya ba su san da na Niyok ba, na Niyok ma ba su san da na Zariya ba. Amma akwai igiya guda da ta ɗaure su, za mu iske ta a gaba. Kafin nan, bari mu san irin labarin da ake magana a kansa.

Tatsuniya da ƙagaggen labarin kimiyya

Kowane ɗayanku ya san tatsuniya, ko da Hausa ya ji ta, ko da Fulatanci, ko da Bachama, ko da Chamba. A tatsuniya, idan Gizo yana son ya tashi sama, sai tsuntsaye su ara masa gashinsu, ya liƙa a jikinsa, ya tashi. Babu yaron da zai tsayar da kakarsa ya ce, "To, Kaka, da ya kai can sama, wace iska ya shaƙa?" Ba a yi wa tatsuniya irin wannan tambaya. Dokarta ke nan, kuma daɗinta ke nan.

Ƙagaggen labarin kimiyya kuwa a kan irin wannan tambaya aka gina shi. Shi ma ƙirƙira ne, bai faru ba. Sai dai marubucinsa ya ɗaukar wa kansa wani nauyi: duk abin mamakin da ya kawo, sai ya nuna hanyar da ilimin ɗan'adam zai iya kaiwa gare shi. Idan ya aika da jaruminsa duniyar wata, ya san cewa tsakaninta da mu akwai kilomita kusan 384,000, ya san babu iskar shaƙa a can, ya san dole a yi guzurin ruwa da abinci. Yana da damar ya ƙirƙiro injin da babu shi a yau. Ba shi da damar ya manta cewa inji yana bukatar abin da zai motsa shi. Mai karatu yana biye da shi da ido biyu, kamar mai sayen hatsi da ke kallon hannun ma'auni.

Irin wannan rubutu ya daɗe. Wata baturiyar Ingila, Mary Shelley, ta fitar da littafinta Frankenstein a 1818, labarin wani ɗalibin kimiyya da ya haɗa wata halitta, sa'annan ya kasa ɗaukar nauyin abin da hannunsa ya yi. Bafaranshe Jules Verne ya rubuta labarin tafiya duniyar wata a 1865, fiye da shekara 100 kafin ƙafar mutum ta taka ta.

Namu na gida

Ɗalibai da yawa suna zaton Hausa ba ta da irin wannan littafi. Tana da shi. A shekarar 1969 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba, wanda ya haɗu da wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, ya ɗauke shi yawon buɗe ido a cikin kumbonsa. Ɗan Adamawa ba zai ji sunan yaron ya rasa yin murmushi ba, domin sunan wata al'umma ce tamu ta ƙasar Hong. Ku lura da shekarar kuma. A watan Yuli na 1969 ɗin ne 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a duniyar wata cikin kumbon Apollo 11. Wato a lokacin da duniya ta ɗaga kai tana kallon sama, akwai marubucin Hausa da ya riga ya ɗauki alƙalami.

Kafin wannan littafi, adabin Hausa cike yake da tafiye-tafiyen ban mamaki. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, sun kai jarumansu ƙasashen aljannu. Abin da Umaru Dembo ya yi shi ne ya sauya abin hawa: ya ajiye aljani, ya ɗauko kumbo. Abin takaici, hanyar da ya share ba ta sami masu bi da yawa ba. Kasuwar littattafan Kano ta cika da labaran soyayya da na yaƙi da matsafa tun daga shekarun 1980, amma labarin kimiyya ya zama kamar gonar da aka yi wa sharar fari aka tafi aka bar ta. A ganina wannan babbar asara ce, kuma ba laifin harshen ba ne.

Yadda wasiƙa ta haifi taro

Yanzu mu koma ga igiyar nan da muka ambata. A 1926 wani mutum mai suna Hugo Gernsback ya fara buga wata mujalla a Amurka, Amazing Stories, wadda ba ta ɗauke da komai sai labaran kimiyya. Ya ware shafin wasiƙun masu karatu, kuma yakan buga wasiƙa tare da adireshin mai ita. Wannan ɗan ƙaramin abu shi ya jawo komai. Yaron da yake zaton shi kaɗai ne mai wannan sha'awa a garinsu, sai ya ga ashe yana da 'yan'uwa a wasu garuruwa. Suka fara rubuta wa juna kai tsaye. Suka kafa ƙungiyoyi. Suka fara buga 'yan ƙananan mujallu nasu na kansu da kuɗin aljihunsu. Wadda aka fi ɗauka a matsayin ta farko ta fito a 1930, kuma sunanta, in aka juya shi da Hausa, shi ne "tauraruwa mai wutsiya". Daga wasiƙa sai sha'awar ganin fuska, domin gani ya kori ji.

Mu ma mun san wannan hanya. Masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo sun riƙa aika mata da wasiƙu daga garuruwa daban-daban, suna muhawara da mutanen da ba su taɓa gani ba. Daga baya masu sauraron rediyo suka kafa ƙungiyoyin zumunta, suna gaishe da juna ta filin zaɓi-sonka, har ta kai ga suna ziyartar juna a biki da suna. A Kano kuma marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don su taimaki juna wajen buga littafi. Duk wanda ya fahimci waɗannan, ya fahimci asalin Worldcon.

A cikin waɗanda suka halarci taron 1939 akwai wani saurayi ɗan shekara 18 mai sayar da jarida a bakin titi a Los Angeles, sunansa Ray Bradbury. Ba shi da kuɗin mota zuwa Niyok, tafiyar kwanaki ce daga wannan gefen ƙasar zuwa wancan. Abokinsa Forrest Ackerman ne ya ranta masa. Wannan mai tallar jarida shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Amurka. Ku riƙe wannan labari, za mu bukace shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da taron daga 1942 zuwa 1945. Bayan haka ya ci gaba kowace shekara, yana yawo daga birni zuwa birni. Ya je Landan a 1957, ya je Yokohama ta Japan a 2007, ya je Chengdu ta ƙasar Sin a 2023. A 2020, saboda annobar korona, ta intanet aka yi shi.

Me ake yi a wurin?

A ce yau kin sami kanki a ƙofar zauren, ke ɗalibar da ta taso daga unguwar Makama. Abu na farko da za ki lura da shi shi ne ba tikiti ake sayar miki ba, rajistar zama mamba ake yi miki. Bambancin yana da muhimmanci. Mai tikiti ɗan kallo ne, mamba kuwa yana da bakin magana. Masu shirya taron 'yan sa-kai ne, ba a biyan su albashi. Kuma mambobi ne suke jefa ƙuri'a su zaɓi birnin da za a yi taron shekara biyu masu zuwa.

Za a ba ki ɗan littafin tsarin taro. A nan ne baƙo yakan ruɗe, domin a sa'a guda ana iya yin zama goma ko fiye a ɗakuna daban-daban, kuma taron yakan ɗauki kwana biyar. A wannan ɗaki marubuta huɗu suna tattauna yadda za a noma abinci a duniyar da ba ta da ruwan sama. A wancan wata masaniyar taurari tana bayanin bincikenta. A can kuma wani marubuci yana karanta babi ɗaya daga sabon littafinsa, mutane sun yi tsit. Akwai kasuwar littattafai, sababbi da tsofaffi. Akwai ɗakin nunin zane-zane. Akwai layin masu jiran marubuci ya sa musu hannu a littafi. Wanda ya ce sai ya ga komai, ba zai ga komai ba. Mai hankali yakan zaɓi abu uku ko huɗu a yini, ya bar sauran lokacin don hira da mutane. Tsofaffin mahalarta sukan fi tuna hirar da suka yi a baranda fiye da laccar da suka ji a zaure.

Abin da zai fi ɗaukar idonki shi ne shiga. Za ki ga babban mutum, wataƙila likita ne ko malamin jami'a, ya yi shigar ɗan sama jannati ko ta mutum-mutumi, yana yawo ba ko kunya. Wannan ma tun 1939 aka fara shi: Ackerman ɗin nan da abokiyarsa Myrtle Douglas ne suka zo taron farko cikin tufafin "mutanen gobe", ita ce kuma ta ɗinka su. Kada abin ya ba ki mamaki ƙwarai. Ki tuna da tashe a watan azumi, lokacin da yara suke liƙa gemun auduga, su cusa tsumma a riga su yi tumbi, su bi gida-gida suna kwaikwayon tsoho ko mai kuɗi. Ɗan'adam a ko'ina yana son ya ari fuskar wani na ɗan lokaci. Bambancin kawai, masu tashe suna kwaikwayon mutanen da suka sani, waɗannan kuwa suna kwaikwayon waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Daren da ya fi kowane girma shi ne na ba da kyautar Hugo, wadda aka sa wa sunan mai mujallar nan, aka kuma fara bayarwa a 1953. Siffarta siffar roka ce. Ba wasu alƙalai ne suke zaɓen gwani a ɓoye ba, mambobin taron ne da ƙuri'unsu.

'Yan Nijeriya a fagen

A 2016 Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne kuma aka haife ta a Amurka, ta ci kyautar Hugo da littafinta Binti, labarin wata yarinya 'yar Afirka da ta bar gida ta tafi jami'a a wata duniya. Wannan marubuciya ta sha leƙo yankinmu. Littafinta The Shadow Speaker na 2007 a ƙasar Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070. A Noor kuwa, wanda ya fito a 2021, ɗaya daga cikin manyan taurarin labarin makiyayi ne Bafulatani a arewacin Nijeriya ta nan gaba, inda wata gagarumar guguwar rairayi ta mamaye ƙasa. Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke ta Ingila a 2019 da Rosewater, labarin wani gari da ya tsiro a Nijeriya kewaye da wani abu da ya zo daga wata duniya. Oghenechovwe Donald Ekpeki kuma, wanda a lokacin a gida yake rubutu, ya ci kyautar Nebula a 2022 da wani labari a kan zamanin da iskar shaƙa ta zama abin saye.

Marubutan Afirka ba su tsaya jiran kyautar waje ba. Sun kafa ƙungiyarsu a 2016, suka ƙirƙiro kyautar Nommo, wadda aka fara bayarwa a 2017 a bikin littattafai na Ake da aka yi a Abekuta. Sunan daga al'adar Dogon na ƙasar Mali aka samo shi. A Legas kuma, tun 2012 ake yin taron Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya assasa, inda masu zanen labarai da masu finafinan zane da matasa masu shigar kwaikwayo suke haɗuwa. 

Duk waɗannan littattafai da Turanci aka rubuta su. Ba aibu ba ne. Amma akwai abin dubawa a nan: an rubuta makiyayin gobe, kuma jikan makiyayin da ke zaune a Yola bai ce komai ba tukuna.

Daga Makama zuwa can

Mu koma ga ɗalibarmu. A ce ta ji labarin taron Legas, ta ƙwallafa rai. Ta sami yayanta ta ce, "Hamma, don Allah ka yi wa Bappa magana." Da daddare bayan sallar isha'i, suka iske shi a ƙofar gida a kan tabarma. Bayan gaisuwa, yayan ya gabatar da zancen.

Bappa ya yi shiru, sa'annan ya ce, "Yanzu ke, a rasa abin da za a je Legas a yi sai sauraron ƙarya? Wa ya san gobe in ba Allah ba?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiya ne, Bappa, babu wanda ya san gobe sai Allah. Su ma ba duba suke yi ba. Kamar manomi ne da yake cewa, idan ruwa ya yi jinkiri bana, wane iri zan shuka? Bai ce ya san ranar da ruwa zai sauka ba."

Bappa ya ce, "To, na ji wannan. Kuɗin mota fa? Masauki fa? Wa zai raka ki? Kin san nan da Legas ba nan da Jimeta ba ne."

A nan ba ta da amsa.

Tambayar Bappa ta farko tana da nauyi, kuma amsar yarinyar ta yi daidai. Marubucin kimiyya ba boka ba ne, ba ya da'awar sanin gaibu. Misali yake bugawa don a yi tunani. Tambayarsa ta biyu kuwa ta fi wuya, kuma bai kamata mu raina ta ba. Tafiya daga Yola zuwa Legas a mota takan ci yini da kwana. Jirgin sama yana tashi daga filin Jimeta, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Worldcon kuwa sai da fasfo da biza da kuɗin waje, kuma marubutan Afirka da dama sun sha wahalar samun izinin shiga ƙasashen da ake taron. Sunansa taron duniya, amma talakan duniya ba ya iya zuwa. Wannan gaskiya ce da ma'abota taron su kansu suke muhawara a kanta.

Sun ɗan nemi magani. Tun 1953 suke da wata gidauniya da ake tara kuɗi a cikinta a aika da mutum ɗaya ya ƙetare tekun Atilantika ya halarci taro a madadin sauran, in ya dawo ya rubuta abin da ya gani. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san gudummawa da adashi. Akwai kuma rajista mai rahusa ga wanda ba zai iya zuwa ba, wadda take ba shi damar jefa ƙuri'ar Hugo daga gida. Bradbury da rance ya je. Babu kunya a cikin wannan.

Amma akwai hanya ta uku, kuma ita na fi so. Mutum 200 ɗin nan na 1939 ba su je taron wani ba, nasu suka kira. Yawancinsu ba su girme ku da yawa ba. Me zai hana makarantu uku ko huɗu na Yola da Jimeta su haɗu a zaure ɗaya ranar wata Asabar? A nemi izinin shugabannin makarantu, a sanar da iyaye da mai unguwa. A zaɓi lokacin hunturu, Disamba ko Janairu, domin duk wanda ya san zafin Yola na watan Maris da Afrilu ba zai tara mutane a ɗaki mai rufin kwano ba. A tsara zama yadda za a tashi a yi sallar azahar a ci abinci. A gayyato malami ɗaya daga Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ya yi bayanin taurari ko na wutar hasken rana. A karanta babi ɗaya daga littafin Umaru Dembo. Masu zane su liƙa zanensu a bango. Masu son shiga su nemi kwali da gwangwani da tsohon buhu. Sa'annan kowace makaranta ta kawo gajeren labari ɗaya, a karanta, a jefa ƙuri'a.

A kan me za a rubuta? Ba sai an je wata duniya ba. Ku tsaya a kan gadar Jimeta ku dubi Binuwai. A can sama, a ƙasar Kamaru, akwai madatsar ruwa ta Lagdo da aka gama a 1982, kuma mutanen Adamawa ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Ga tafkin Njuwa, wanda aka san shi da bikin kamun kifi, ruwansa ya ja baya. Ga tafkin Chadi da ya ragu ƙwarai tun daga shekarun 1960. A ce wata injiniya 'yar Makama ta ƙera na'urar da take tara ruwan ambaliya a ajiye shi don rani. Wa zai mallake ta? Masunta za su yarda? Makiyayi da manomi za su daina rigima, ko sabuwar rigima za ta ɓullo? A ce shanu suna ɗauke da na'urar da take nuna wa makiyayi inda ciyawa take daga tauraron ɗan'adam. Me zai faru da ilimin da kakansa ya koya masa na karanta ƙasa da iska? Wannan birni da Modibbo Adama ya kafa a 1841, yaya kamanninsa za su kasance ranar da ya cika shekara 300?

Akwai ma wata baƙuwa da tuni aka san lokacin zuwanta. Tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley takan zagayo kusan kowace shekara 76. An gan ta a 1986, kuma lissafin masana ya nuna za ta dawo a 2061. In Allah ya ba ku tsawon rai, za ku tsaya a tsakar gida ku kalle ta da furfura a kanku, jikoki suna jan rigarku suna tambaya.

Nazarin harshe

Labarin kimiyya yana tafiya ne a kan ƙafafu biyu na nahawu: lokaci mai zuwa da sharaɗi.

Lokaci mai zuwa ana gina shi da "za": zan tafi, za ka tafi, za ki tafi, zai tafi, za ta tafi, za mu tafi, za ku tafi, za su tafi, za a tafi. Ku lura cewa "zan" da "zai" a haɗe ake rubuta su, sauran kuwa a rabe. Korewa kuma da "ba ... ba" ake yin ta: ba zan tafi ba, ba za su tafi ba. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne mantawa da "ba" ta ƙarshe.

Sharaɗi iri biyu ne. "Idan" ko "in" na abin da yake iya faruwa ne: Idan kogi ya cika, za mu tashi. "Da ... da" kuwa na abin da bai faru ba ne: Da kogi ya cika, da mun tashi. Ma'ana bai cika ba, ba mu kuwa tashi ba. Sai kuma "a ce", wadda ake gayyatar mai sauraro da ita ya ɗauki abu kamar ya faru: A ce rana ta ƙi fitowa kwana bakwai. Ku koma cikin darasin ku ƙirga sau nawa aka yi amfani da ita.

Ma'anar wasu kalmomi

ma'abota: masu son abu da suka lazimce shi, tilonsa ma'aboci ko ma'abociya.
ƙagagge: abin da aka ƙirƙira, wanda bai faru da gaske ba.
kumbo: jirgin da yake fita sararin samaniya.
ɗan sama jannati: mutumin da yake tafiya a cikin kumbo.
'yan sa-kai: masu yin aiki don ra'ayin kansu ba don biya ba.
gidauniya: asusun da jama'a suke tara kuɗi a ciki don wata bukata.
gaibu: abin da yake ɓoye ga ɗan'adam, wanda Allah kaɗai ya sani.
ƙwallafa rai: sa abu a zuciya ƙwarai.
assasa: kafa abu tun daga tushe.

Tambayoyi

1. Wace tambaya ce ba a yi wa tatsuniya amma ake yi wa labarin kimiyya?
2. Ta yaya shafin wasiƙu na wata mujalla ya zama sanadin taro?
3. Mene ne bambancin mai tikiti da mamba?
4. Bappa ya kawo dalilai iri biyu. Wanne ne ya fi ƙarfi a ganinka? Kawo hujja.
5. "Hamma" da "Bappa" daga Fulatanci Hausar Adamawa ta aro su. Waɗanne kalmomi Bakano zai yi amfani da su a madadinsu? Yaya ake faɗinsu a harshenku na gida?
6. Mayar da waɗannan jimloli zuwa korewa: Za mu je taron. Zai ranta mini kuɗi. Za a buga littafin.

Aikin gida

Rubuta labari mai kalmomi 300 wanda ya fara da "A ce". Ka kafa shi a unguwarku a shekarar 2061, a daren da tauraruwa mai wutsiya ta bayyana. A cikinsa a sami na'ura ɗaya da babu ita a yau, ka bayyana abin da yake motsa ta, da mutum ɗaya da zuwanta bai yi masa daɗi ba.